Sunan Gari A Bakin Matafiyi Yake

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin manyanmu, ana faɗinta a wurin taro jama'a na tafi, ni kuwa ban yarda da ita ba, kuma ina so in bayyana dalilina a nan ko da waɗansu za su ji zafi. Maganar ita ce, wai in ana so birni ya yi suna a duniya, sai a gina masa ƙasaitaccen filin jirgin sama, a kafa babbar ƙofa a bakin gari a rubuta mata barka da zuwa, a ɗaga gadojin sama biyu ko uku, a jera fitilu. Shi ke nan, wai duk baƙon da ya sauka zai koma ƙasarsu yana yabonmu. Ni na ce wannan kuskure ne, kuma kuskuren ya ci mana dukiya mai yawa. Abin da ke sa baƙo ya yabi gari ko ya kushe shi abu biyu ne: yadda ya fita daga filin jirgi ya kai masaukinsa, da yadda ya ga mutanen garin suna kai da kawowa cikin neman abincinsu. Garin da talakansa ke tsayuwa sa'a guda a rana yana jiran abin hawa, ko an shafe ƙofarsa da zinariya ba zai yi sunan kirki ba.

Wannan ba sabon ilmi ba ne, kakanninmu sun san shi sarai. Ku tambayi tsofaffi labarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, da ayarin raƙuma masu ƙetare hamada daga Tarabulus ko Agadas. Madugu bai taɓa zaɓen zango don tsawon ganuwar gari ba. Abin da yakan tambaya shi ne, akwai rijiya kusa? Hanya lafiya take? Akwai fatoma mai amana wanda zai sauke ayari, ya haɗa su da dillali, ya raka su kasuwa? Garin da aka sami waɗannan abubuwa a cikinsa, sai fatake su ɗauki sunansa su yi ta bazawa zango zango, har ya kai inda sarkin garin bai taɓa jin labari ba. Garin da aka cuce su kuwa, su kewaye shi, su kuma gargaɗi na bayansu. Kasuwar Kurmi ta Kano ba maroƙa aka aika suka yi shelarta a ƙasashen Larabawa ba, matafiya ne suka sayi riba suka kwana lafiya, suka je suka faɗa.

To, a zamanin nan ƙofar gari ita ce filin jirgin sama, hanyar da ta tashi daga filin zuwa cikin gari kuwa ita ce zaure. Hausawa sun ce baƙo ko da idonsa makaho ne. Ga mutum ya sauko daga jirgi a gajiye, an buga masa hatimi a fasfo, ya ɗauki akwatinsa, ba ya jin harshenmu, bai san darajar kuɗinmu ba, bai san gabas ba balle yamma. In ya ɗaga kai ya ga alama tana nuna masa tashar jirgin ƙasa ko ta bas, ya tarar da kuɗin tikiti a rubuce, abin da ɗan gari zai biya shi ne zai biya, aka kuma ce jirgi zai tashi ƙarfe kaza ya tashi a kan lokacin, to, tun bai ga kowa ba ya riga ya yanke wa garin hukunci cewa a nan ana cika alkawari. In kuwa da fitowarsa mutum goma suka yanyame shi, wannan ya ja akwati wancan ya ja hannun riga, aka tsuga masa kuɗi ninki uku don an ga baƙo ne, sa'an nan ya shafe sa'a biyu cikin cunkoso yana kallon mata da yara a bakin titi suna ɗaga hannu ba mai tsaya musu, to, shi ma ya yanke hukuncinsa. A da sai bafatake ya yi wata da watanni kafin labarinsa ya kai gida. Yau kafin baƙo ya kai masauki ya riga ya rubuta abin da ya gani a wayarsa, dubban mutane sun karanta ta intanet. Cikin masu karantawa akwai attajiri mai neman inda zai kafa masana'anta, da masu shirya manyan tarurruka masu neman garin da zai iya ɗaukar baƙi.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen Turawa ne. Shaida tana nan a unguwarku. Duk wanda ya je yi wa alhaji barka da sauka cikin 'yan shekarun nan ya ji labarin jirgin ƙasa. A 2010 hukumar Saudiyya ta buɗe jirgin da ke ɗaukar alhazai tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa. A 2018 kuma ta buɗe jirgi mai tsananin gudu da ake kira Haramaini, wanda ya haɗa Makka da Madina ta kan Jidda, tafiyar kilomita 450, kuma yana da tasha a filin jirgin sama na Jidda. Tafiyar da a da kan cinye wa mutum yawancin yininsa a mota ta koma wajen sa'a biyu da rabi. Wa ya biya alhazanmu su riƙa yabon wannan jirgi a zaure da bakin masallaci? Ba kowa. Sun hau, sun ji daɗi, sun faɗa. Kamar yadda mu ke jin sunan garin waɗansu a bakin matafiyanmu, haka waɗansu ke jin sunan garinmu a bakin nasu.

Sai dai a nan ne ake yin kuskure na biyu, wanda ya fi na farko tsada. Waɗansu shugabanni sun ji cewa manyan birane suna da jirgin ƙasa mai zuwa filin jirgin sama, sai suka ɗauke shi kamar rawani, watau abin da ake naɗa wa birni don a ce ya isa. Bari mu duba yadda waɗanda suka riga mu suka yi, sa'an nan mu duba yadda mu muka yi.

Mutanen Landan sun fara jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1863. Layin da ake kira Fikadili an buɗe shi a 1906, ya yi shekara 71 yana ɗaukar leburori da akawuna da 'yan makaranta daga unguwanninsu zuwa wurin aiki, kafin a 1977 a ƙara masa tsawo ya kai babban filin jirgin sama na Hitiro. Watau na gida aka fara yi wa hanya, daga baya aka buɗe wa baƙo ƙofa ya shigo cikinta. A Tokiyo ta ƙasar Japan, da za su karɓi wasannin Olimfik na 1964, sun gina jirgi mai tafiya bisa dogo guda daga filin jirgin sama na Haneda zuwa cikin gari. Amma inda jirgin ya tsaya, nan take fasinja zai sauka ya hau jirgin da ke kewaya birnin, wanda mutanen gari suka daɗe suna hawa.  Darasin da ke ciki shi ne, jirgin filin jirgin sama reshe ne, zirga-zirgar mutanen gari ita ce kututture. Wanda ya dasa reshe ba kututture, ganyen kwana biyu zai gani.

Yanzu mu komo gida mu dubi Abuja, domin ita ce birni na farko a Nijeriya da aka haɗa filin jirgin samansa da jirgin ƙasa. An mai da hedikwatar ƙasa can a 1991. An ba wani kamfani na ƙasar Sin kwangilar jirgin cikin gari a 2007, aka ciwo bashin dala miliyan 500 daga wani banki na ƙasar ta Sin, aka yi shekara 11 ana aiki, sai a watan Yuli na 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi. An shimfiɗa dogo fiye da kilomita 40, an gina tashoshi 12. Layi ɗaya ya tashi daga tsakiyar birni ya bi ta Idu ya kai filin jirgin sama, ɗayan ya tashi daga Idu ya nufi wajen Kubwa. Ranar buɗewa an yi murna, an ɗauki hotuna, an ce Abuja ta shiga sahun manyan birane.

Me ya biyo baya? Tashoshi uku kaɗai aka fara aiki da su. Da yawa daga sauran suna tsaye a fili, ba hanyar kirki da mota za ta bi ta kai mutum bakinsu, ba bas mai kawo fasinja. Jirgin kuwa sau kaɗan yake tashi a yini, har wanda ya sauko daga jirgin sama bai dace da lokacinsa ba sai ya nemi tasi. Da annobar korona ta zo a 2020 aka tsai da shi, ya yi shekara 4 a ajiye, ɓarayi suka yi ta kwasar wayoyi da kayan aiki, bashi kuwa yana nan yana jiran biya. Sai a watan Mayu na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe shi, bayan an sake kashe kuɗi an yi gyara, an kuma yi wa tashoshin hanyoyi, aka ce jama'a su hau kyauta har ƙarshen shekarar. Gyaran abin yabo ne, haka kuma haɗa shi da jirgin Kaduna a tashar Idu dabara ce mai kyau. Amma gyara ba ya tayar da dogo daga inda aka shimfiɗa shi.

Ga inda gizo ke saƙa. Ina ma'aikatan Abuja ke kwana? Masinja da direba da malamin makaranta da mai shara ba su iya biyan haya a Maitama ko Asokoro. Dubbansu suna Nyanya da Karu da Mararaba da Masaka, a gabashin birnin, kullum da asuba su cika titi ɗaya tak suna kokawar shiga mota. Dogon bai je can ba. Waɗansu suna Lugbe, a bakin hanyar filin jirgin sama kanta, amma dogon ya kauce musu ya bi ta arewa. Da ma tun 2006 an hana acaɓa a tsakiyar birnin, a 2013 aka hana ƙananan bas-bas shiga, manyan da aka kawo maimakonsu kuwa ba su wadatar ba. Saboda haka mutane suka koma tsai da kowace mota suka gani, har ɓarayi masu shigar burtu da motar haya suka sami ƙofa. Yau in ka tambayi wanda ya ziyarci Abuja, zai yabi faɗin titunanta da kyan gine-ginenta, sa'an nan ya ƙara da cewa gari ne da ba a iya zama cikinsa sai da mota. Wannan ƙarin shi ne sunan da garin ya yi, kuma jirgin filin jirgin sama bai goge shi ba.

Na san abin da masu gardama za su ce, bari in amsa musu ɗaya ɗaya.

Na farko zai ce, masu hawa jirgin sama ai masu hali ne, suna da motoci da direbobi, don me za a kashe kuɗin talaka a yi musu hanya? Wannan yana da gaskiya rabi, kuma rabin nan shi ne abin da nake faɗa. Jirgin da aka yi don masu hali kaɗai asara ne, gama su ba za su hau ba. Amma filin jirgin sama ba fasinja kaɗai ke zuwansa ba. Akwai 'yan dako da masu shara da masu gadi da masu dafa abinci da makanikai, waɗanda ke zuwa kullum safe da dare, akwai kuma 'yan rakiya da 'yan tarye. In dogon ya ratsa unguwannin jama'a da kasuwanni kafin ya kai filin, talaka ne zai cika taragu, kuɗinsa ne zai riƙe jirgin, baƙo kuwa ya sami jirgi mai tashi a kai a kai albarkacin talaka.

Na biyu zai ce, ba kuɗi. Lalle dogo yana da tsada, ba kowane gari ne ya isa ya shimfiɗa ba. To, wa ya ce sai da dogo za a fara? A 2008 Ikko ta keɓe wa manyan bas-bas gefen titi nasu su kaɗai, inda sauran motoci ba su shiga, jama'a kuwa suka rungume su. Birnin Darussalam na Tanzaniya ya yi haka a 2016. Ku yi lissafi da kanku. Jirgin sama ya sauke mutum 300. In keke mai ƙafa uku na ɗaukar mutum 3, ana bukatar keke 100, kowanne da hayaƙinsa da wurin da zai tare a titi. In bas ce mai ɗaukar mutum 50, guda 6 sun gama aikin. Gadar sama kuwa, wadda ba a taɓa cewa ba kuɗin yinta, motoci take ɗagawa ta sauke su a cunkoso na gaba, kuma ba ta ƙara wa marar mota ko kujera ɗaya.

Na uku zai ce, mutanenmu ba su iya riƙon kayan hukuma ba, an kawo bas-bas sau nawa sun mutu? Gaskiya ne sun mutu, amma me ya kashe su? Akan sayo motoci ɗari a yi biki, ba a ware kuɗin gyara ba, ba a tanadi kayan canji ba, ba a horar da makanikai ba, kuɗin tikiti kuma ba mai bin sawunsa. Gwamnati ta sauya, ta bayanta ta ƙi kula da su don ba sunanta a jiki, ta sayo nata. Wannan laifin masu riƙo ne, kada a ɗora wa fasinja. Mutanen nan da ake cewa ba su da tsari su ne ke bin layi tsaf a jirgin Mina.

Na huɗu zai ce, ina za a kai matasa masu tuƙa keke, waɗanda da shi suke ciyar da iyali? Ba inda za a kai su. Bas da jirgin ƙasa ba su shiga lungu. Aikin ɗan keke shi ne ya kwaso mutane daga ƙofar gida ya kai su tasha, ya ɗauko waɗanda suka sauka. Tafiyarsa ta gajarta, mansa ya ragu, fasinjansa ya yawaita. Rashin irin wannan haɗi shi ne ya bar tashoshin Abuja fayau.

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kano nake nufi, da sauran biranenmu masu filin jirgin sama. Kano ta fi kowa sanin abin da hanya ke yi wa sunan gari. Dogo ya iso ta a 1911, zamanin Sarki Abbas, kafin a jima gyaɗa ta fara gangarawa bakin teku, dalar gyaɗa ta tashi, sunan Kano ya shiga kasuwannin Turai. A 1925 jiragen saman sojan Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka Kano, su ne jiragen sama na farko da suka taɓa ƙasar Nijeriya. Daga baya filin Kano ya zama zangon jirage masu tafiya tsakanin Turai da kudancin Afirka. Wannan gari da ya riga kowa, yau yawancin mutanensa a keke mai ƙafa uku suke zirga-zirga, wanda suke kira a daidaita sahu, musamman tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013. An gina gadojin sama a Ƙofar Nasarawa da Dangi da Hotoro, an kuma sha yin shelar jirgin cikin gari. Ga 'yan kasuwa daga Nijar da Cadi da Kamaru suna zuwa Kantin Kwari da Singa da Dawanau, kowanne yana komawa gida da labarin yadda ya sha a hanya. Su ne fataken zamaninmu, abin da suka faɗa shi ne sunan Kano.

Saboda haka, ya kai mai karatu, ga abin da nake roƙonka. Ka sha wahala ka koyi karatu da girmanka, yanzu ba mai karanta maka takarda ya ɓoye rabi. Duk ranar da aka zo garinku da shelar jirgin ƙasa ko sababbin bas-bas, kada hoton taragu ya ɗauke maka hankali. Ka nemi taswirar ka duba, sa'an nan ka yi tambaya biyar. Ta waɗanne unguwanni zai bi, akwai mutane a can ko fili ne? Sau nawa zai tashi a yini, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa? Nawa ne tikiti, lebura zai iya biya kullum? Da me mutum zai zo tasha daga gidansa? Wa zai yi gyara, kuma daga wane asusu, bayan waɗanda suka yi bikin buɗewa sun sauka? Ka yi wa kansilanku waɗannan tambayoyi, ka yi wa ɗan majalisarku, ka rubuta wa gidan rediyo, ka kuma sa a tattauna su a ƙungiyarku ta kasuwa ko ta unguwa. In an amsa maka da lissafi, ka goyi baya, ka kuma kiyaye kayan kamar naka, gama naka ne, da harajinka za a biya bashin. In an amsa maka da cewa ai manyan birane duka suna da shi, ka san rawani ake shirin saye da kuɗinka.

Gidan da aka saba ciyar da yaransa a kan lokaci, in baƙo ya sauka ba a ruɗewa, tuwon da ake ci shi za a ƙara masa. Haka gari yake. A yi wa mai tallan kayan miya da ɗan makaranta da ma'aikacin asibiti hanyar da za su kai inda za su cikin mutunci, a kan lokaci, da kuɗin da ba zai karya su ba, sa'an nan a miƙa hanyar nan ta kai bakin filin jirgin sama. Baƙo zai shiga tare da su, ya zauna kusa da su, ya ga yadda garin ya riƙe mutanensa, shi zai ɗauki labarin ya kai inda ba mu taɓa zuwa ba. Allah ya ba shugabanninmu basirar gane wannan, mu kuma ya ba mu ƙarfin halin tambaya, amin.